Lambar Kalar da Auta Ta Shigar

"Ki bar maganar nan, abar ƙaunata... abin ya riga ya wuce."

"Bai wuce ba!" Auta ta buga takardar da ta zo da ita a kan teburinsa na gyaran kwamfuta. "Abba ya ce kada iyayenka su zo neman aurena, kai kana ce min ya wuce?"

Injiniya ya sunkuyar da kai. Shi ya rubuta manhajar da ke haɗa kala a maɗaba'ar mahaifinta. Da katunan wata makaranta suka fito da duhu kamar gindin tukunya maimakon ruwan ƙasa, a kansa Abba ya juye kwandon faɗa, gaban ma'aikata. Bawan Allah ko tari bai yi ba.

Sai yau da safe Auta ta gano komai. Makarantar ta aiko lambar kala 804020, irin wadda ake ƙirgawa sha shida-sha shida, manhajar kuwa ƙirgen goma-goma ta sani. Ita kuwa Auta uwar sauri ta zuba wa manhajar 80, 40, 20 kai tsaye a gurbin ja, kore da shuɗi.

"Takwas sau sha shida, ɗari da ashirin da takwas kenan," ta ce. "Ni na shigar da tamanin. Kuma ka sani!"

"Na sani. Shekara uku kina fama Abba ya damƙa miki maɗaba'ar nan. In ya ji ke ce..."

"To ya ji mana!"

Tsoro take ji sosai, amma ƙafarta ba ta tsaya ba sai gaban injin buga takardu, inda Abba yake zaune. Ta durƙusa, ta ja biro, ta yi wa Abba lissafin jan, da koren, da shuɗin, ɗaya bayan ɗaya.

Abba ya bi lissafin da ido har ƙarshe, ya ɗago.

"Ajiye min makullan maɗaba'ar nan. Da sauranki."

Ta ajiye, hawaye na zuba.

"Shi yaron... yaushe ya sani?"

"Tun ranar, Abba."

"Ina zaginsa, yana sane?"

"Eh, Abba."

Tsohon ya goge tawadar hannunsa, ya miƙe a hankali.

"In kira maka shi?" ta tambaya.

"Ki kira wa? Ni na zage shi a gaban mutane, ni zan taka in same shi. Miƙo min hulata, ki wuce gaba ki nuna min shagon surukin nawa."