Daren da Sunan Wada Ya Ɓace

Wada ɓarawo ne, ko da yake bai taɓa fasa ƙofa ba. A wani shagon intanet na unguwar Zango a Wagadugu yake kwana yana bin DNS, rajistar da ke haɗa sunan shafi da na'urarsa, yana laluben sabar asibiti, wato kwamfutar ajiye bayanai, da aka bari buɗe don ya sayar da sirrin majinyata.

Wani dare wani tsoho ya zauna gefensa, kujerar ko motsi ba ta yi ba.

"Ɗana, ka dame mu da tambayar sunayen mutane. Naka fa?"

Bakin tsohon a rufe yake. Daga lasifikar kwamfutar muryar ta fito. Wada ya lalubi sunansa, ya rasa.

Da safe mahaifiyarsa ta tare shi a zaure: "Malam, wa kake nema?"

Har yau babu wanda ya san shi a Wagadugu.