Fitila Ta Huɗu

Da hantsin Talata shugabar makarantar nan ta bayan layi ta tsaya a ƙofar shagon Inna da takarda a hannu, ko sallama ba ta yi ba. Ta ɗaga murya yadda mai faci da mai shagon magani duk za su ji.

"A cikin safar ɗalibi muka ciro wannan. Tambayoyin jarrabawar da na kawo ku buga mini ne, ba ƙari ba ragi. Yara goma sha tara ke da ita. Wa kuke sayar wa?"

Inna tana kan kujerarta ta roba a gefen tebur. Ita ba ta san bihim ba a boko, amma shagon nata ne tun rasuwar mai gidanta, kuma ko allura ta faɗi a cikinsa ta san inda ta gangara. Kwamfuta uku ne a ciki. Ɗaya a gaban Auta, ɗanta na ƙarshe, ita ce ke haɗe da firinta. Ɗaya a hannun Dogo, ma'aikacin da ke gyara hotuna. Ta ukun ta surukarta ce, matar babban ɗanta marigayi, wadda kowa ke kira Uwar Tagwaye. Duk rubutun shagon ita ke bugawa.

Inna ta ce, "Malama, shigo ki zauna. Maganar ciki ba a yin ta a bakin titi."

"Na zauna da ɓarayi?"

Aka kira mai gyara, wani mutum mai furfura wanda shi ya haɗa kwamfutocin tun farko. Ya zauna a ta Auta ya yi ta latse-latse, can ya share gumi.

"Inna, kin san nan ba babbar kwamfuta mai mulki. Su ukun kamar maƙwabta suke, kowa da ƙofa a buɗe ga ɗan'uwansa. In Uwar Tagwaye ta gama rubutu sai ta tura shi cikin ta Auta, daga nan a buga. Kowacce na ba ta lambarta, ga shi na manna a jiki: goma, sha ɗaya, sha biyu. Ta Auta kuma tana rubuta lambar duk wadda ta shigo ɗaukar abu."

"To, wa ya ɗauka?"

Mai gyara ya nuna fuskar kwamfutar. "Sha biyu. Kwana uku a jere, wajen ɗaya da rabi na rana."

Sha biyu ta Uwar Tagwaye ce.

Shugabar makaranta ta gyara mayafi. "Gobe da la'asar zan dawo da 'yan sanda. Ku shirya ta."

Bayan ta fita Auta ya fara: dama shi ya daɗe yana gani, mace da yara biyu ba miji, ga kuɗin makaranta. Inna ta daka masa harara ya haɗiye sauran. Amma ita kanta sai da ta juya ga surukarta ta ce, "'Yar nan, tsakaninki da Allah, ke ce?"

Uwar Tagwaye ta dube ta. Ta ce, "A'a." Ba ta ƙara ba.

Inna ta sa aka sauke ƙofar shago rabi. Ta ce kowa ya zauna inda yake, mai gyara ma kada ya tafi.

"Auta, da ɗaya da rabi kana ina?"

"Masallaci, daga nan in ci abinci. Kin sani ai."

"Na san kana fita. Masallacin ne ban taɓa bin ka ba." Ta juya ga mai gyara. "In yaron nan ne zai sata, sai ya bi ta lambar wani?"

"Ina. Abin a cikin tasa yake. Ɗaukewa kawai zai yi, ba wanda zai sani."

Inna ta dubi Auta. "To kai ka fita daga zargi, ba don halinka ba. Dogo fa?"

Dogo ya ce shi ko abincinsa a kan teburinsa yake ci, kuma kafaɗarsa na gogar ta Uwar Tagwaye. Da ya taɓa kwamfutarta ai da ita ce ta fara gani.

Inna ta ce, "'Yar nan, in naki ne rubutun, a hannunki aka haife shi, me zai kai ki gidan Auta ki sake sato shi?"

"Abin da nake jira wani ya tambaya ke nan. Kuma a lokacin da ake cewa na shiga, ni ko firinta ba na gani. Sau nawa na faɗa? Auta ya ce lalaci ne."

Mai gyara ya ɗago kai. "Ba kya gani kamar yaya?"

"Ina cikin aiki sai wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, wai akwai rikicin lamba. Sai in yi abin da ka koya mana, in kashe in kunna. In ta tashi, shi ke nan, ba ta ganin ta Auta, ba ta ganin ta Dogo. Sai bayan kamar rabin awa in na sake kunnawa ta dawo daidai."

"Me ya sa ba a kira ni ba?"

Kowa ya dubi Auta. Auta ya dubi silin.

Mai gyara ya bi abin daki-daki. Ya zare wayar kwamfutarta ya gwada da wata, lafiya lau. Ya duba ko lambarta ta sauya, tana nan sha biyu. Ya duba ko an rufe ƙofar da ake tura rubutu, a buɗe take. Ya ce, "Ba abin da ya lalace. Wannan rubutun ba ya fitowa sai in kwamfuta biyu sun ɗauki lamba ɗaya. Kamar gida ne da yara biyu masu suna ɗaya, a kira ɗaya biyu su amsa. Da ta kashe tata sai ɗayar ta zauna a gurbinta. In ta kunna ta tarar an riga ta, sai a bar ta a waje."

"Wato akwai ta huɗu," in ji Inna.

"Ya kamata. Amma ga su uku."

Inna ta sunkuyar da kai ta dubi ƙarƙashin tebur, daidai ƙafarta, inda wani ɗan akwati yake wanda duk wayoyin suka taru a jikinsa. Shekara da shekaru tana zaune kusa da shi, ita ke share masa ƙura.

"Wannan abin, fitilunsa nawa ya kamata su kama?"

"Kowace kwamfuta ɗaya. Uku ke nan."

"To ni na ga huɗu. Kwanakin nan, da rana, ina jan carbi. Na ɗauka zafi ne ya dame shi."

Mai gyara ya durƙusa da tocila. Wayoyi huɗu ne a soke. Uku sun tafi tebura, ta huɗun, wata tsohuwa mai ruwan toka, ta bi bayan kabad ta hau bango ta shige silin.

"Wannan ai ni na zare ta da hannuna bara, lokacin da aka raba shagon. Ɗakin baya take zuwa."

Ɗakin baya ƙofarsa a ɗaya layin take, kuma wanda ke ciki ɗan ƙanen Inna ne, wanda ta ɗauko yana shekara shida da uwarsa ta rasu. Malam Ƙarami ake ce masa. A shagon ya yi aiki har watanni shida da suka wuce, sannan ya ce zai buɗe lesin na yara, Inna ta ba shi ɗakin kyauta.

Auta ya ce, "Haba Inna, Yaya ne fa. Wani dai ya shiga ɗakinsa."

"Rufe mini baki. Ɗazu da ake maganar matar marigayi yayanka ban ji ka ce haba ba." Ta juya. "'Yar nan, da can da rana me kike yi?"

"Ina kashe kwamfuta ƙarfe ɗaya in je in ɗauko yara daga makaranta. Sai biyu da rabi nake dawowa."

"Yaushe kika daina?"

"Sati biyu ke nan, da aikin jarrabawa ya yi yawa. Ƙanwata ke ɗauko su."

Inna ta gyaɗa kai. "Mai gyara, gobe ka zo da ƙarfe sha biyu. Kada ka taɓa wayar nan. Ku kuma duk wanda ya buɗe baki, ni da shi ne."

Washegari da safe Malam Ƙarami ya zo gaisuwa kamar kullum, da farar riga a goge. Ya durƙusa a gefen tebur har gwiwarsa na taɓa ƙasa. Duk unguwar ana misali da durƙusonsa.

"Goggo, na ji abin da ya faru. Wallahi ban yi barci ba. Mutum mugun icce ne."

"Bari kawai, ɗan nan. Na sallame ta, yau da rana za ta kwashe kayanta. Allah Ya sa Malamar ta tausaya mini, ta aiko da sababbin tambayoyi. Suna cikin ta Auta, da yamma za a buga."

"Allah Ya kiyaye gaba, Goggo."

"Amin."

Ta bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Ƙarfe ɗaya Uwar Tagwaye ta kashe kwamfutarta ta koma gefe ta zauna. Inna ta aika aka kira shugabar makaranta, ta zo tana cika tana batsewa. Aka ba ta kujera aka ce ta dubi akwatin. Fitila biyu ke ci, ta Auta da ta Dogo. Ɗaya da kwata, biyu. Ɗaya da ashirin da biyar, sai wata ta kama, can a ƙarshe, inda wayar toka take.

Mai gyara ya nuna fuskar kwamfutar Auta. "Ga sha biyu ta shigo."

Shugabar ta dubi kwamfutar Uwar Tagwaye, baƙi ƙirin, a kashe. Ta dubi matar, hannuwanta a kan cinya.

Inna ta miƙe ta ɗauki sandarta. Suka zagaya ta lungu su huɗu, ita da shugabar da mai gyara da Uwar Tagwaye. Ba ta ƙwanƙwasa ba. Malam Ƙarami na zaune da ƙaramar kwamfuta a cinya, wayar toka ta sauko daga silin ta shige gefenta. Mai gyara ya karɓa ya duba.

"Sha biyu. Ga kuma tambayoyin satin jiya."

"Goggo, bari in yi miki bayani."

"Ni zan yi maka. Da na ji an ce wani ya ari lambar yarinyar nan da rana, na ce wannan ya san al'adarmu ta da, bai san ta yanzu ba. Auta da Dogo sun san ta daina fita, a gabansu take zaune. Baƙo kuma bai san tana fita ba sam. Saura wa? Wanda ya zauna da mu ya tashi, yana zuwa da safe kawai. Ka karanta lambar a jikin kwamfuta. Wayar kuma a wurin gaisuwa ka soke ta, ni ina sa maka albarka a ka, hannunka na ƙarƙashin tebur."

"Ban yi nufin a kama ta ba. Na ɗauka in kwamfutarta a kashe take ba wanda zai..."

"Jiya ka ji za a kai ta wurin 'yan sanda. Yau da safe na ce maka na kore ta. Me ka ce? Mutum mugun icce ne. Da ka buɗe baki a lokacin, wallahi da na rufa maka asiri, in san yadda zan yi da Malama. Ƙyanda ta kama ka, ni na yi jinya. Takalminka na farko ni na saya. Ɗakin nan ko sau ɗaya ban ce kawo ba. Ban taɓa lissafa maka ba sai yau. Marayu biyu ka so ka raba da uwarsu, kai da ka san maraici."

Ya zube ƙasa zai kama ƙafarta. Ta janye.

"Tashi. Na ga abin da durƙusonka ke yi." Ta juya ga shugabar. "Malama, 'yan sandan da kika ce, lokacinsu bai wuce ba. Ga mutuminki. Amma kafin nan ki biyo ni. A bakin titi kika kira mu ɓarayi, a bakin titi za ki janye."

Shugabar ta janye maganar, ba da son ranta ba. Muryar ba ta kai ta jiya ba, sai da Inna ta ce mai faci bai ji ba, ta sake.

Da la'asar aka tafi da Malam Ƙarami. Mai gyara ya zare wayar toka ya naɗe ta, ya ɓare takardun lambobin daga jikin kwamfutoci, ya sa wa wurin tura rubutu kalmar sirri. Ya ce wa Auta daga yau in kwamfuta ta yi ƙorafi a saurare ta.

Uwar Tagwaye ta kunna tata ta ci gaba da wata wasiƙa da aka kawo tun jiya. Inna ta jawo kujera kusa da ita, abin da ba ta taɓa yi ba.

"'Yar nan, sunanki ya fita."

"Na gode, Inna."

"Akwai saura. Jiya na tambaye ki ko ke ce. Shekara goma sha ɗaya kina gidana, bai kamata bakina ya iya wannan tambayar ba. Ki yafe mini."

Yatsun Uwar Tagwaye suka tsaya. Ba ta juyo ba.

"Ta Malama ba ta dame ni ba, Inna, ba ta san ni ba. Ki ba ni kwana biyu."

Inna ta gyara zama a kujera. Ita da ba ta taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba, yau ita ake ce wa ta jira.

"Ɗauki duk kwanakin da kike so," in ji ta. "Ina nan."