Matattun Maguna a Lambun Baba

Sufeto bai gama ajiye hularsa a kan tebur ba wayar ofis ta yi ƙara. Daga asibiti ne. An kawo wata yarinya 'yar shekara uku tana ta amai, ba ta san inda kanta yake ba, kuma likita yana zargin guba ta sha.

Yana ajiye wayar Saje ya leƙo.

"Yallaɓai, ga wata mata a bakin kantar ofis tana kuka. Wai an kashe mata maguna."

"Ka ɗauki bayaninta, ni asibiti zan wuce. A ina take?"

Saje ya faɗi layin. Sufeto ya tsaya da makullin mota a hannu. Layin da aka ɗauko yarinyar ne, katanga ɗaya ce ta raba gidajen biyu.

"Sa ta a mota," ya ce. "Can za mu fara."

Gidan da aka ɗauko yarinyar na wani dattijo ne, tsohon direban jirgin ƙasa da ya yi ritaya. Duk unguwa Baba Mai Lambu ake kiran shi. Yarinyar jikarsa ce, 'yar ɗansa bakanike da ke zaune da iyalinsa a sashen gaba.

Mutane sun cika ƙofar gidan suna ƙus-ƙus. Saje ya buɗe hanya, suka bi ta wani lungu zuwa baya.

Lambu ne ɗan madaidaici, amma ya sha gyara. Tumatir a jere an tokare shi da sanduna, ga latas, ga albasa, ga karas. An shimfiɗa ragar waya a kan fangalin da aka yi sabuwar shuka. Ɓawon lemu ko'ina, an jera ƙaya a gindin katanga.

A bakin katangar ne Sufeto ya ja ya tsaya. Maguna biyar kwance, sun sandare, bakinsu da kumfa. Ɗaya ƙarama ce, ba ta wuce tafin hannu biyu ba, an ɗaura mata jan zare a wuya.

Ya ga gawa iri-iri a aikinsa, amma sai da ya kau da kai.

Baba na zaune a kan wani juyayyen bokiti. Sufeto ya ƙarasa wurinsa.

"Sannu Baba. An ce kai da magunan nan ba kwa ga maciji."

"Ba zan ɓoye maka ba, ɗana. In na yi shuka da yamma, kafin safiya sun tone, sun yi mini kashi a ciki. Babu abin da ban gwada ba. Ɓawon lemu, garin barkono, ƙaya, ragar nan. Har tiyo nake ajiyewa kusa, in na ga ɗaya in fesa mata ruwa. Sai su hau katanga su zauna suna kallona."

"Guba fa?"

"Ban taɓa saya ba."

Bai kalli Sufeto ba da ya faɗa.

Sufeto ya bi tsakanin fangalan a hankali. Bayan tumatir, inda ganye ya yi duhu, ya tsuguna. Akwai sawun wani abu mai kusurwa huɗu da aka ajiye a ƙasa aka ɗauke. Ƙasar wurin ta yi danƙo, kiyashi ya yi mata baƙi ƙirin. Babu ƙashi, babu ƙarni, babu ƙuda.

"Saje, ɗebi ƙasar nan a leda."

Matar da ta kai ƙara tela ce, mijinta ya rasu, ita da magunanta kaɗai ne a gidan. A ɗakin ɗinkinta Sufeto ya zauna da ita, tsakanin keke da tulin yadi.

"Shi ne," ta ce. "Kullum sai ya yi mini magana ta kan katanga. Wai in ɗaure su. Yallaɓai, wa ya taɓa ɗaure mage?"

"Kina shiga lambun?"

"Ni? Ƙafata ba ta taɓa taka shi ba."

"To yaya aka yi kika san sun mutu a ciki? Katangar ta fi ki tsawo."

Sufeto ya nuna hannunta. Akwai sabon karce daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu, kuma gefen mayafinta ya yage.

"Na ga sauran mayafin nan a jikin ragar waya. Malama, yarinya na can rai a hannun Allah. Ba shiga lambu na zo bincike ba."

Idonta ya ciko. "Da sassafe ne. Muzuruna bai kwana gida ba, kuma tun jiya na ga yana tangaɗi kamar mashayi. Akwai inda katangar ta zube ta baya, nan na bi. Ina shiga na gan su a kwance. Sai na ji famfo na zuba."

"Wa ke wurin?"

"Wani ne ya ba ni baya, yana wanke wani abu da sauri. Tsoro ya kama ni, na juya, shi ne waya ta kama ni."

"Kin ga fuskarsa?"

"A'a. Na dai ɗauka Baba ne. Wa ke shiga in ba shi ba?"

"Me yake wankewa? Kwano? Faranti?"

"Ba kayan kicin ba ne. Baƙi ne, kamar roba."

Da suka koma, Saje na tsaye a ƙofar ɗan ɗakin da Baba ke ajiye fartanya da taki. Ya ɗaga wani ƙunshi. Maganin ɓera ne.

"Bayan buhun taki na same shi, Yallaɓai."

Sufeto ya dubi dattijon. "Ka ce ba ka taɓa saya ba."

"Na saya," Baba ya ce a hankali. "Ranar da suka tone mini karas gaba ɗaya. Da na dawo gida na kasa."

"An ga mutum a bakin famfon nan da sassafe yana wanke wata baƙar roba. Kai ne?"

Baba ya ɗaga kai da sauri. Ya dubi famfon, ya dubi sashen gaba, ya daɗe yana kallon tagar. Fuskarsa ta sauya kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Ni ne," ya ce. "Ni na sa. Ku tafi da ni."

Saje ya saki baki. Sufeto ya juya ƙunshin a hannunsa.

"Wannan ko buɗe shi ba a yi ba, Baba."

"Biyu na saya."

"A me ka zuba?"

"A kifi."

"Ina robar?"

"Na jefar."

"A ina?"

Baba ya miƙa hannuwansa biyu kawai.

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya kama shi ya tashe shi, ya zaunar da shi a bayan mota.

A asibiti suka bar Baba a mota, wani ɗan sanda na tare da shi. Iyayen yarinyar na zaune a benci a ƙofar ɗakin kulawa ta musamman. Uwar ta yi kuka har muryarta ta dushe. Uban, dogon mutum mai faffaɗar kafaɗa, ya dafe kansa da hannu biyu.

Likita ta ja Sufeto zuwa ofishinta ta rufe ƙofa.

"Lalube nake a duhu," ta ce. "Mahaifinta ya ce mana maganin ɓera ne, wai kakanta ya saya. A kan haka muka fara. Amma jininta bai nuna haka ba. Ƙodarta ce ke tsayawa, kuma ban san dalili ba. In ban san abin da ta sha ba, ina tsoron za mu rasa ta."

"Shi ya ce miki maganin ɓera ne? Da bakinsa?"

"Har sau biyu."

Sufeto ya sa aka kira uwar ita kaɗai.

"Yi haƙuri, 'yar'uwa. Jiya ina yarinyar ta yi wasa?"

"A lambu, da yamma. Akwai wata 'yar mage da take so, ita ta ɗaura mata zare a wuya. Duk abin da magen ta yi sai ta kwaikwaya. Da ta shigo tana tafiya tana faɗuwa, tana dariya. Na ɗauka barci ne." Ta toshe bakinta da mayafi. "Na ɗauka barci ne, na kwantar da ita."

"Rigar da ta sa jiya tana nan?"

Ta zaro ta daga jaka. Farar riga ce mai furanni. A ƙirji akwai tabo kore shar, ya bushe ya yi tauri.

"Na zaci wani ne ya ba ta lemon kwalba," ta ce.

Likita ta karɓi rigar ta ɗaga ta wajen haske. Ta taɓa tabon, ta shinshina.

"Me mijinki yake yi?"

"Bakanike ne. Yana da gareji."

Likita ta dubi Sufeto.

"Koren ruwan da ake zuba wa lagireton mota don sanyaya inji," ta ce. "Zaƙi gare shi. Dabba na sha, yaro ma na sha." Ba ta ƙarasa ba ta fita da gudu tana kiran nas.

Uwar ta bi ta da kallo, sannan ta juyo. "Me take nufi? Yallaɓai, me take nufi?"

"Zauna nan tukuna," Sufeto ya ce.

Ya sami bakaniken inda ya bar shi.

"Malam, yaushe rabonka da shiga lambun mahaifinka?"

"An daɗe. Ni ba ruwana da shuka."

"Yau da sassafe kana ina?"

"A ɗaki, wurin yarinya. Daga nan muka taho."

"Wa ya ce maka maganin ɓera ta ci?"

"Na san Baba ya saya."

"Ka gan shi ya sa?"

"Ban gani ba. Amma wa zai sa?"

"Da motarka kuka zo?"

"E."

"Ba ni makullin."

Mutumin ya daɗe kafin ya sa hannu a aljihu.

Motar na filin ajiye motoci, ba nisa da ta 'yan sanda. Saje ya buɗe but, ma'ajiyar kaya ta bayan motar. Ƙarƙashin tayar ko-ta-kwana akwai gindin baƙin galan na man inji, an yanke shi ya zama kamar tire, irin wanda bakanikai ke tarar mai da shi. Har yanzu da lema a jikinsa, kuma jar ƙasar lambu ta maƙale a ƙasansa. A gefe ga gora, koren ruwa ya kai rabinta.

"Wannan kayan aiki ne," bakaniken ya ce. "Kowane bakanike yana da shi."

"Haka ne," in ji Sufeto. "Juya ka dubi motarmu."

Ya juya. Ta gilashin baya ana hango Baba, ya sunkuyar da kai, hularsa a kan cinya.

"Mahaifinka ya ce shi ya sa gubar. Ya miƙo mini hannu in sa masa ankwa. Bai ma san me aka sa ba, kifi ya ce mini. Amma ya san wanda yake yanka galan a gidan."

Bakaniken ya zame ya zauna a ƙasa, bayansa a jikin taya.

"Maguna na nufa," ya ce. "Wallahi maguna na nufa. Kullum in ga Baba a sunkuye da ciwon bayansa yana kwashe musu kashi. Sannan suka hau motar wani da na yi wa sabon fenti, suka kakkarce ta. Na ce Baba bar ni da su, ya ce kada in taɓa su. Na ɓoye abin bayan tumatir inda ba zai gani ba. Ban taɓa tunanin tana shiga can ba."

"Da safe da ka ga magunan, ka ga halin da 'yarka ke ciki, ka gane?"

"Na gane."

"Sai ka tsaya wanke roba."

Bakaniken ya sunkuyar da kai.

"Ka zo nan, likita ta tambaye ka me ta sha. Ka sani. Ka ce mata maganin ɓera."

"Na ɗauka guba duk guba ce, za su wanke mata ciki ta tashi. Na kasa buɗe baki a gaban uwarta. Ta yaya zan ce ni ne?"

"Ba sai ka ce ba," wata murya ta ce daga bayansu.

Matarsa ce. Ta biyo su, rigar yarinyar na hannunta. Ba kuka take yi ba. Kallonsa take kamar yau ta fara ganinsa.

"Tun safe kana zaune kusa da ni," ta ce. "Ina zagin Baba, kana ji. Ina roƙon Allah ya nuna wa likita abin da ta sha, kana cewa amin."

"Ki yafe mini. Ki bari in gan ta, ko sau ɗaya."

"In ta tashi ta tambaye ka, zan kawo ta. In ba ta tashi ba, kada ka neme ni."

Wata nas ta fito da sauri tana neman uwar. Ta ce an fara ba yarinyar maganin da ya dace, za a sa ta a na'urar wankin ƙoda, likita ta ce akwai fata amma ba ta yi alkawari ba. Uwar ta bi ta, ba ta waiwayo ba.

Saje ya sa wa bakaniken ankwa ya tashe shi.

Sufeto da kansa ya buɗe ƙofar bayan motar. "Fito, Baba. Jikarka na ciki, surukarka kuma ba ta da kowa a wurin."

Dattijon ya fito da ƙyar, yana dafa ƙofa. Ta tagar motar ya ji komai. Ya ga ankwar, ya ga ɗansa. Suka tsaya fuska da fuska.

"Baba," ɗan ya ce.

"Da na san ka ɓoye wa likita," Baba ya ce, "da ban ce ni ne ba."

Ya matsa gefe ya ba shi hanya. Saje ya dafa kan bakaniken ya shigar da shi, ya rufe ƙofa. Baba bai tsaya ganin tashin motar ba. Ya sa hularsa, ya nufi ƙofar asibitin a hankali.