Ƙwayar Shekara Biyar

Malama na gaban madubi tana gyara audugar da mijinta, tela, ya ɗinka mata cikin riga a gefen da aka cire nonon, sai ga surukarta, Inna, ta faɗo ɗakin da kwalin magani a hannu.

"Ashe wannan kike haɗiya don kada ki haifa wa ɗana? An yi aiki, wuri ya warke, ƙwayar mece ce kuma?"

Bakin Malama har ya gaji da wannan bayanin. Likita ya ce kansar na iya dawowa, ƙwayar ce ke tare mata hanya, shekara biyar ake sha, kuma ba a ɗaukar ciki a kanta. Ita ma ba daɗinta take ji ba. Zafi kan taso mata a tsakiyar aji har alli ya jiƙe a hannunta, gwiwoyi kuwa kamar na aro. Amma a wurin Inna, mai shan magani shi ne na kwance. Wanda ke zuwa aiki da ƙafarsa garau yake.

Inna ta fice da kwalin. Malama ko bin ta ba ta yi ba. Da tela ya dawo cin abincin rana, zare duk a jikin wandonsa, ta ce masa za ta daina sha, ko a samu zaman lafiya.

"Na gaji, Dear. Wallahi na gaji."

Bai taɓa abincin ba. Ya wuce ɗakin uwarsa ya durƙusa.

"Inna, ranar aikin ina bayanki a ƙofar tiyata. Na ji kina cewa, Allah ka bar mana ita ko da ba za ta haifi ko ƙwai ba. To, ya bar mana. Yanzu mu ne za mu canja magana?"

Hawaye suka bi kuncin tsohuwa. Ta manta da addu'ar, gaskiya, kamar yadda duk mukan manta idan wuya ta wuce.

Washegari da safe ita ta kawo ƙwayar da kofin ruwa, tana mita wai yaran zamani sai an bi su da magani. Haka ta yi ta kawowa har shekarun suka cika, likita ya duba ya ce babu alamar komai.

Mahakurci mawadaci. Mai sonka da gaske ranka yake fara nema, kafin abin da za ka ba shi.