Wanda Bai Samu Jirgi Ba

"Fita mini daga gida, Habib."

Nasiha tana tsugune bakin murhu ta jiyo muryar yayanta Abakar daga zaure. Ludayi ya suɓuce mata.

"Yaya Abakar, tare muka yi kamun kifi da kai. Ka san ni..."

"Na san wanda na baro shekara shida da suka wuce. Wanda ya zauna da mutanen daji ban san shi ba, balle in ba shi ƙanwata."

Tsibiri ɗaya suka fito, can cikin tafkin Chadi, inda babu hanyar mota, babu asibiti, babu ko ɗan sanda ɗaya. Ranar da 'yan bindiga suka shigo, masu jirgin inji ne suka tsira. Abakar yana da inji, ya kwaso iyalinsa da Nasiha har nan unguwar Bulumkutu, cikin birni. Habib kuwa kwalekwale gare shi mai yoyo, da uwa wadda ƙafafunta suka shanye. Ya zauna. Sai da ya binne ta ya gudo.

Nasiha ta zagaya ta ƙofar baya, ta tare Habib a lungu.

"Habibina, tsaya..."

"Koma gida, Nasiha."

"Gaya mini gaskiya sau ɗaya. Ka taɓa riƙe musu bindiga?"

"Kifi na kama musu. Ranar da ban kama ba, bulala." Ya juya mata baya, ya ɗaga rigarsa. Ta toshe bakinta da mayafi.

"Na yarda da kai."

"Yardarki ba za ta ɗaura mana aure ba, masoyiyata."

"Shekara shida na jira ban san kana raye ba. Yanzu da nake ganinka zan kasa?"

Amma akwai Madu, dillalin shanu mai gida a unguwar Jiddari Polo, wanda ya daɗe yana aiko wa Abakar da gaisuwa saboda ita. Da Habib ya samu aikin dakon atamfa a Kasuwar Litinin, Madu ya bi shago shago yana tambaya cikin murmushi: "Kun san daga ina yaron nan ya fito kuwa?"

Ignatius, mai shagon da yake yi wa dako, ya kira Habib gefe.

"Ni ban ga laifinka ba. Amma in wani abu ya fashe a layin nan, ni za a fara kamawa. Ka yi haƙuri."

Daga nan babu wanda ya sake ɗaukarsa aiki. Abin da ya rage shi ne saran itace a bayan ramin tsaron da ya kewaye gari, inda yunwa kaɗai ke kai mutum.

"Kada ka je," in ji Nasiha. "Mutanen daji sun san fuskarka, sun san gudowa ka yi."

"A can ni ɗan gwamnati ne, a nan ni ɗan daji. Ina zan ci abinci?"

Ta ƙulla masa gyaɗa a leda.

Ranar Laraba da hantsi su tara suka fita, har da Habib. Da la'asar aka dawo da gawarwakinsu a bayan motar 'yan sa-kai, an lulluɓe su da tabarmi.

Abakar ya dawo daga maƙabarta da ƙasa a wandonsa. Ya daɗe tsaye a tsakar gida bai dube ta ba.

"Ashe ba nasu ba ne."

"Sai da suka yanka shi ka yarda, Yaya?"

Ya sunkuyar da kai, ya wuce zaure.

Ta shiga ɗaki, ta cire ɗan kunne da awarwaro, ta zauna a ƙasa. Matar Abakar ta biyo ta, ta dafa kafaɗarta.

"Me kike yi haka?"

"Takaba zan yi masa."

"Tashi, Nasiha, kada mutane su ji. Ba a ɗaura muku aure ba. Ba ki da takaba."