Baka Ɗari Biyu na Dagaci Barau

A zamanin Sarkin Gumel wanda Nasara suka tarar a kan gado, cikin kakar shekarar da aka buɗe baitulmali, gero bai gama shiga rumbu ba hakimi ya tara dagatansa a Maigatari. A cikinsu akwai Barau, dagacin Rijiyar Kyauta, wani gari da ke kan hanyar Sule Tankarkar. Tsoho ne da ya sha gumurzu da mayaƙan Damagaram, har kibiyarsu ta bar masa ɗingishi.

To, akwai wata al'ada ta zamanin yaƙi. In za a fita daga, kowane dagaci yakan durƙusa gaban hakimi ya faɗi yawan masu bakan da zai kawo. Wanda ya faɗi kaɗan, a baya ake ajiye shi, wani lokaci ma a haɗe garinsa da na maƙwabci. Saboda haka kowa ninkawa yake yi, hakimi kuma ya raba biyu a ransa. Ba mai kiran wannan ƙarya. Haka Barau ya ga ubansa yana yi, haka shi ma ya yi har gemunsa ya yi fari.

Ran nan kuwa ba yaƙi aka taru a kai ba. Malam Sabo, malamin haraji daga Gumel, shi ke zaune gefen hakimi da alƙalami da tawada, yana tambayar yawan magidantan kowane gari. Aka fara da Dogo, saurayin dagacin da ke iyaka da Barau, wanda ya yi fatauci zuwa Kano ya ga yadda sabon mulki ke tafiya. Dogo ya ce sittin, ko kunya babu. Barau ya ji wani daɗi ya ratsa shi, ya ce a ransa yau yaron nan ya tona wa kansa asiri. Da aka zo kansa, sai ya gyara rawani.

"Allah ya ba ka nasara, baka ɗari biyu."

Garin da bai kai magidanta casa'in ba! Hakimi ya sunkuyar da kai. Malam Sabo ya ɗaga alƙalaminsa, ya sassauta murya.

"Ranka ya daɗe, wannan ƙidayar ta haraji ce. Abin da na rubuta shi za a biya, ba a ragewa."

Barau ya ji, ya kuma gane. Amma ga Dogo yana kallonsa, ga dagatai tsit suna jira. A ce a gaban ɗan da aka haifa jiya ya janye maganarsa? Ya ce, "Malam, rubuta. Ni ban taɓa faɗa sau biyu ba." Malam Sabo ya rubuta.

Da takardar haraji ta iso, kowane gida ya sami kansa da nauyin gida biyu da ɗori. Barau ya sayar da sulkensa da alkyabbarsa da shanun da ya gada, ya cike giɓin shekarar farko bai gaya wa kowa ba. Shekara ta biyu damina ta yi gardama. Mutane suka fara sulalewa, wasu suka ƙetara iyaka zuwa ƙasar da Faransa ke mulka, mafi yawa suka koma garin Dogo inda harajin ke da sauƙi. Kowane gida ya tashi, kasonsa sai ya faɗo kan waɗanda suka rage.

Yayarsa Zinariya, wadda ta goya shi, ita kaɗai ke iya yi masa magana kai tsaye. Ta same shi a zaure ta ce, "Barau, yau maƙeri ma ya ɗaure uwar maƙera a jaki. Kai ne ka ɗora wa mutanen nan kaya, kai za ka je ka sauke."

"Yaya, in na ce na yi ƙari, tuɓe ni za su yi."

"To, a tuɓe mana! Wa kake mulka, kangaye?"

Ya kwana biyu bai ci abin kirki ba, sannan ya kama hanyar Gumel. Ya faɗi gaban Ma'aji, mai riƙe da baitulmali, ya gaishe shi, ya faɗi gaskiya duka, ya ce a karɓi rawanin, a sauƙaƙa wa talakawa. Wallahi wannan durƙuson ya fi masa kibiyar Damagaram zafi.

Ma'aji ya saurare shi har ƙarshe. Shi ma tsoho ne, ya san al'adar, ya kuma gaji. Ya ce, "Dagaci, da a da ne, da magana ɗaya ta gyara. Yanzu Bature mai binciken kuɗi ya riga ya duba littafin ya sa hannu. In na rage, zai ce mu muka ci bambancin. Sai wata ƙidayar, nan da shekara uku."

Rawanin dai an karɓe, tun da ya amsa laifi da bakinsa. Harajin kuwa ko anini ba a rage ba. Barau ya koma gida da hula. Kafin shekara ukun ta cika, Rijiyar Kyauta ta zama kufai, aka haɗe gonakinta da ƙasar Dogo.

Masu ba da labari sun ce Dogo bai wulaƙanta shi ba. Ya ba shi gida shi da Zinariya, kullum yakan zo gaisuwa ya tuɓe takalmi tun daga ƙofa. Wannan kirkin ma Barau da ƙyar yake haɗiye shi. Da sabuwar ƙidaya ta zo, Malam Sabo ya sa sunansa cikin gajiyayyun da aka yafe wa haraji, kuma a haka Barau ya rasu.

Ni dai na kasa ɗora masa laifin duka. Da abin da ya yi ne ubansa ya riƙe garin nan, shi kuma da shi ya rasa shi. Mulki ya sauya hannu, Allah ya hukunta Barau zai kai tsufa ya gani, ba wanda ya zauna ya koya masa sabon tun da sauran lokaci. Allah ya jiƙansa, ya jiƙan mutanen da suka biya.