Takalman Yaya

Auta ta shigo tana jan ƙafa, ta zube a kan tabarma tana haki.

"Wash! Umma, ƙafafun nan kamar an ɗaura mini bulo!"

Kofin da ke hannun Umma ya suɓuce. Abin da Yaya ya faɗa ke nan, sak, safiyar da ya fita gudu bai dawo da ƙafarsa ba. Shekara biyu ke nan. A gindin falwaya ya faɗi, saura ƙiris ya kai gada. Likita ya ce ɓoyayyen ciwon zuciya ne, amma a wajen Umma laifin na Dogo ne, amininsa, malamin motsa jiki da ya koya masa gudu. Kuma Dogon nan shi ne yanzu yake neman auren Auta.

"Gudu kike yi? Shi ya sa ki?"

"Wallahi bai sani ba, Umma. Sati uku ke nan, ni kaɗai nake—"

"Rufe mini baki! Ya raba ni da ɗaya, bai ƙoshi ba? Muddin ina numfashi babu ke babu shi!"

Auta ta sha kuka har idonta ya kumbura, amma ba ta yi musu ba. Ta daina ɗaga wayarsa. Ko ta rufe ido falwayar take gani, don kullum a nan ƙafafunta suke mutuwa, kamar wani ya riƙe su ta ƙasa. Tsoro take ji sosai, ba ta kuma gaya wa kowa ba.

Kwana tara Dogo yana zuwa ƙofar gida, Umma tana aika masa da ba ta nan. A na goma ya durƙusa a bakin zaure ya ƙi tashi.

"Umma, na haƙura da auren in kin ce haka. Abu biyu nake roƙo: ki kai ta a duba zuciyarta, sannan ki ga takalmin da na taɓa hango ta tana gudu da shi."

Zuciya dai lafiya lau, in ji likita. Da suka dawo Umma ta ce a kawo takalmin. Auta ta yi tsuru-tsuru, ta ɗauko. Na Yaya ne! Umma ta zaci yana nan cikin akwati ƙarƙashin gadonta. Ta sa hannu ciki ta zaro tsummoki, ɗaya bayan ɗaya, waɗanda aka cusa don ya zauna a ƙafa.

"Bai kai gadar ba, Umma," Auta ta ce. "So nake in kai masa su."

Umma ta rungume takalmin ta fashe da kuka. Washegari da kanta ta aika a kira Dogo.

"Haba Auta!" ya ce. "Sayis arba'in da huɗu a ƙafar talatin da takwas, kullum ba hutu, kuma da saurin Yaya? Ko doki ai sai ya kwanta."

Ya sayo mata daidai ita. Ya ce gudun minti biyu, tafiyar minti ɗaya, yau a yi gobe a huta. Umma ta kafa sharaɗi: horon gudun a gaban idonta za a yi. Satin farko Auta tana kuka da cinyoyi, Umma na gasa mata da ruwan ɗumi tana mita. A na huɗu ta yi minti goma ba tsayawa, har tana tsokanar Dogo wai ya tsufa.

Ranar da aka cika wata biyu, Umma ta tsaya a ƙarshen gada da leda a hannu. Auta na zuwa falwaya nauyin nan ya dawo. Ta tsaya cak.

"Ba zan iya ba!"

"Taka a hankali," in ji Dogo, shi ma idonsa ya kawo ruwa. "Ni ma tun ranar ban ƙara bi ta nan ba."

"Ku taho!" Umma ta ɗaga ledar. "Ga takalmin Yaya nan ya riga ku isowa!"

Suka taka, suka koma sassarfa, suka haye.

Umma ta miƙa wa Dogo ledar. "Ƙafarku ɗaya da shi. Ka turo manyanka."

To 'yan mata, ku ji: da Auta ta yi wa mahaifiyarta tsaurin ido, da ta rasa albarka ta rasa Dogo. Haƙuri ta yi, ta bi a sannu, shi ya kai ta gada.